Godiya ga masu sintirin farin beyar na garin Churchill

Zuwa ga jami'an ofishin Polar Bear Alert na gwamnatin Manitoba da ke Churchill, Kanada.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku sannu da aiki, sannu da sanyi. Na san ba Hausa kuke ji ba, kuma zan sa a juya muku wannan takarda. Amma da Hausa na fara rubuta ta, don da ita nake godiya idan abu ya kai mini zuci, kuma ina so 'yan'uwana su ji labarinku.

Ni mai ɗaukar hoto ne. A Kano na koyi sana'ar, a wurin biki da hawan Sallah, yanzu kuma zama ya kawo ni Winnipeg. Na daɗe ina tara kuɗi don in zo garinku in ɗauki farin beyar a inda Allah Ya ajiye shi, ba a gidan zu ba. Tunda babu hanyar mota zuwa Churchill, jirgin ƙasa na bi, kwana biyu muna tafiya, itatuwa suna ta gajarta har suka kusa ƙarewa. Na sauka farkon Nuwamba, lokacin da fararen beyar ke taruwa a bakin tekun Hudson suna jiran ruwa ya daskare, su hau ƙanƙara su yi farautar sil, dabbar ruwan nan mai kitse da suke rayuwa a kanta. Tun lokacin zafi da ƙanƙarar ta narke ba su ci abin kirki ba. Wato dai gari ne mai mutum kamar ɗari tara, zaune a kan hanyar mayunwata.

Duk an gaya mini wannan, na kuma ga allunanku na gargaɗi a bakin teku da idona. Amma kwaɗayin hoto ya rufe mini ido. Kwana na biyu, bayan Asuba, na saɓa kyamara ni kaɗai na nufi duwatsun da ke bayan gari, wai in riga kowa samun hasken safe. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta ke nan sai ga motarku ta tsaya a bayana. Jami'in bai yi mini tsawa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce in bar kayan a nan, in tako a hankali, kada in yi gudu, in shiga mota. Sai da ya rufe ƙofa sannan ya nuna mini da yatsa. Wani tulin dusar ƙanƙara da nake ta kallo tsakanin duwatsu biyu, wanda har na so in sa shi a gaban hoton don ya yi kyau, sai na ga ya ɗaga kai. Baƙin hanci na fara gani. Tsakaninmu bai kai tsawon filin ƙwallo ba, ga shi babban namiji kan kai kilo 500, kuma a gudu babu ɗan Adam da zai tsere masa.

Abokin aikinsa ya harba harsashin nan naku mai ƙara a sama, wanda ba ya kisa, beyar ya miƙe yana tafiya kamar mai jin haushin an tashe shi daga barci, suka raka shi da mota har ya yi nisa da gari. Suka dawo suka ɗauko mini kyamara. Ina jiran faɗa ko tara, kunya ta ishe ni, sai jami'in ya tambaye ni ko batirina bai mutu ba, ya ce in riƙa ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi shanye shi yake yi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A hanyar komawa ne ya nuna mini ginin da mutanen gari ke kira kurkukun beyar, tsohon ginin soja da kuka mayar wurin tsare beyar tun farkon shekarun 1980, wanda daga baya ɗakunansa suka kai 28. Beyar da ya ƙi jin kora, kuna kama shi da tarko mai kama da ƙatuwar ganga da aka sa wa naman sil, ku tsare shi har zuwa kwana talatin, ruwa ko ƙanƙara kawai kuke ba shi, don kada ya ɗauka gari wurin cin abinci ne. Daga nan a ɗauke shi cikin raga da jirgi mai saukar ungulu a kai shi arewa, ko a sake shi idan teku ya daskare. A da, harbewa ake yi. Ni da na taso ina jin yadda ake gamawa da kura ko maciji in ya shigo gari, abin ya tsaya mini a rai: mutane su kwana a waje cikin wannan sanyi don kada dabba ta kashe mutum, kuma don kada mutum ya kashe dabba. Na ji jiniyar ƙarfe goma na dare mai tuna wa mutane su shige gida, na kuma ji cewa a garinku ba a cika kulle mota ba, don wanda ya yi kiciɓis da beyar ya samu wurin faɗawa.

Hoton kuwa na samu, amma ta hanyar da kuka ce. Na biya kuɗin motar yawon kallo, mai tayoyi da suka kusa kai tsayina, na zauna a bakin taga awa huɗu yatsuna sun sandare. Dusar ƙanƙara tana ruɗar kyamara, ta mayar da fari toka-toka, sai na ƙara mata haske da hannu. Can wajen La'asar, rana ta yi ƙasa, sai ga uwa da 'ya'yanta biyu sun fito daga cikin ƙananan itatuwa. Gashinta ba fari fat ba ne kamar yadda ake zato, ya fi kama da man shanu a kan nono. Ɗan ƙaramin ya tsaya da ƙafa biyu yana leƙen motarmu, na danna.

Na wanke shi babba, ya tafi Kano, yana rataye a ɗakin Hajiyarmu. Ita ba ta san labarin duwatsun ba sai yanzu da za a karanta mata wannan. Na wanke na biyu, yana hanyar zuwa ofishinku ta gidan waya, a ba jami'in da ya tsaya a bayana rannan, wanda don ruɗewa ko sunansa ban tambaya ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a bakin aikinku.

Naku,
Mai hoto ɗan Kano, mazaunin Winnipeg