Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan agogon nutso

Garwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, ina sanar da kai cewa hoton da ka turo wa ƙanwarka daga Kiribi ya iso, kuma kowa a gida ya gani. Mahaifiyarka ta daɗe tana duban abin da ka ɗaura a hannun hagu, daga bisani ta ce agogon ya yi maka girma. Na gaya mata kwamfuta ce ta masu nutso, ta ce ita dai agogo ta gani, saboda haka ni ma da agogo zan riƙa kiransa a takardar nan. Na zaɓi rubutu a kan kiran waya domin na san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya kafin ka ce ka gane.

Ka san shekarun da na yi ina riƙe wa masu nutso igiya. Ban taɓa goya tukunyar iska na sauka ƙarƙashin ruwa ba, aikina shi ne in zauna a bakin kwale-kwale da igiya a hannu, da agogo na gama-gari, da fensir, da wani allon roba mai ɗauke da jadawali. Mutum yana nutsewa zan rubuta lokaci, in duba zurfin da aka ce zai kai, in nemo mintocin da jadawali ya ba shi, idan sun kusa cika in ja igiya. Jadawalin nan yana da rowa, domin yana ɗauka cewa mutum ya yi dukan zamansa a wuri mafi zurfi da ya taka, ko da minti biyu kawai ya yi a can. Masu nutso suna jin haushin wannan rowa, amma ita ce ta riƙa barin musu rara ba tare da sun sani ba. Agogonka ba shi da wannan hali. Yana auna zurfi bayan kowane 'yan daƙiƙu, yana sake lissafi, idan ka ɗan hauro sai ya ƙara maka lokaci. Wannan alheri ne, sai dai rarar da jadawali yake ɓoye mana, agogo ya riga ya ba ka ita a hannu, babu wata da ta saura a bayanta.

Bari in maimaita maka abin da malamanku suka koya muku, domin ina so ka ji shi da harshen gida. A ruwan teku, duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Iskar da kake shaƙa kuwa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita, amma matsi yana tura ta cikin jini da tsoka da kitse ta narke a can. Idan ka hauro a hankali za ta fita ta huhu lami lafiya, idan ka yi gaggawa sai ta tashi ta zama kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemo da ta sha girgiza a bayan babur aka buɗe ta farat ɗaya. Wani Baturen Birtaniya, John Scott Haldane, shi ne ya fitar da jadawalin hawowa mataki-mataki a 1908, bayan ya yi gwaji da awaki a cikin ɗakin matsin iska. Daga baya wani likita a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Albert Bühlmann, ya tsara lissafin da ya kasa jikin mutum gida 16, wasu masu saurin shan naitirojin da saurin sakinta, wasu kuma masu nawa da suke ɗaukar sa'o'i da yawa. Tun daga 1983, lokacin da kwamfutocin nutso na lantarki irin su Orca Edge suka shiga kasuwa, da yawa daga cikin agogunan nan a kan lissafi irin wannan suke tafiya.

Dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne ka fahimci cewa agogon nan bai taɓa ganin jininka ba. Abin da yake aunawa shi ne matsin ruwa da lokaci, sai kuma sanyin ruwan, sauran duk lissafi ne a kan jikin wani mutum na takarda, wanda ba ya gajiya, ba ya zazzaɓi, ba ya kwana a kan ido. Bai san cewa makon jiya ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, bai san ka yini kana zuba gumi a rana ba ka sha ruwa ba, bai san ka yi rabin sa'a kana kokawa da sifana a ƙarƙashin jirgi har numfashinka yana sama-sama ba. Ƙishirwa da wahala da sanyi duk ana lissafa su cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfa. Saboda haka idan agogo ya ce ka tsaya ko ka hau, ka bi shi ba gardama, amma idan ya ce kana da sauran lokaci, ka tambayi jikinka tukuna. A watan azumi musamman, kada ka yanke wa kanka hukunci, ka je wa likitan aikinku da kuma malami su duba maka yadda za ka yi da ranakun da aiki mai zurfi ya faɗo.

Lambar da za ka fi sa wa ido ita ce wadda yawancin agoguna suke rubuta NDL a kusa da ita, wato mintocin da suka rage maka kafin tsayuwa a hanya ta zama dole. A mita 18 da iska ta gama-gari, a nutson farko, mutum yana samun minti 50 da wani abu, amma a mita 30 abin ba ya wuce minti 20, kuma a nutso na biyu duk sai sun ragu domin jiki bai gama sauke kayan farko ba. Shawarata ita ce kada ka bari lambar ta sauka ƙasa da 5 kana ƙasa. Na san abokan aiki za su ce kana ɓarnar lokaci, ka bar su su faɗa. Kuma ka tuna cewa agogon da ba a haɗa shi da tukunya ba bai san yawan iskar da ta rage maka ba, yana iya nuna maka minti 30 alhali tukunyar ta kusa ƙarewa, don haka ma'aunin tukunya yana da nasa haƙƙin dubawa, kuma ka fito da bar 50 a ciki, wato awon matsin iskar da ta rage a tukunyar, kamar yadda aka saba.

Wajen hawowa kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, kuma kada ka taɓa riƙe numfashi. Ka tsaya minti 3 a mita 5 ko da agogo bai tilasta maka ba. Kuskuren da na fi gani daga bakin kwale-kwale shi ne mutum ya gama wannan tsayuwa cikin ladabi, sannan ya harbo sama kamar kifin da aka ja da ƙugiya, alhali waɗannan mitoci na ƙarshe su ne inda canjin matsi ya fi tsanani ga jiki. Sauri ya haifi nawa, a wannan sana'a kuwa nawar tana iya zama ta kwanciya a gado.

Kafin ka shiga ruwa ka duba batir, ka duba abin da aka saita. Idan an ba ka iska mai ƙarin oksijin, irin mai kashi 32 cikin ɗari, ka auna ta da kanka ka shigar da adadin da hannunka, ka kuma san cewa iyakar zurfinta wajen mita 33 ne. Mafi muni shi ne agogo ya zauna a kan 32 tun jiya alhali yau iska ta gama-gari ka goya, domin zai ba ka mintocin da ba naka ba. Idan wata rana aiki ya kawo ka gida, ko tafkin Lagdo ko wani wuri a kogin Binuwai, ka mayar da shi kan ruwan daɗi, tunda ruwan gishiri ya fi nauyi kaɗan, kuma ka koyi kunna fitilarsa da yatsa ɗaya ido a rufe, domin ka san launin ruwanmu da damina. Akwai kuma wurin da ake ƙara wa agogon tsanani, wato ya ƙara taƙaita maka lokaci, ka ɗaga shi mataki ɗaya ka bar shi a haka. Idan shugaban aiki yana tafiya da nasa jadawali daga sama kuma suka saɓa da agogonka, ka ɗauki wanda ya fi taƙaita maka lokaci.

Na san an raine ka a gidan da ba a hana aro, amma wannan agogo ba abin aro ba ne a tsakiyar aiki. Yana riƙe da lissafin naitirojin da ta rage a jikinka daga nutson da ya wuce, idan ka miƙa wa abokinka, ko ka karɓi nasa, kowannenku yana tafiya da lissafin jikin wani. Haka kuma idan ka karya dokarsa ya kulle kansa na yini ɗaya ko biyu, kada ka nemi wani agogon ka koma ruwa, kullewar nan hukunci ne a kan jikinka.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labarinsa ba. A wani aiki da muka je, wani matashi mai ƙarfi ya yi nutso sau uku a yini ɗaya, kuma ni ne mai rubuta lokaci. Da magariba na gan shi zaune a kan jarka yana murza kafaɗarsa ta dama, na tambaye shi ya ce sanyi ne ya kama shi, ya roƙe ni kada in gaya wa shugaban aiki domin kada a cire shi daga jerin gobe. Na yi shiru, na ba shi man zafi. Kafin asuba ƙafarsa ɗaya ta dena jin taɓawa. An sa masa oksijin, an yi doguwar tafiya da shi zuwa inda ake da ɗakin matsin iska, ya rayu, amma har rabuwarmu da ɗingishi yake tafiya. Lissafina a takarda daidai yake a ranar, ban ƙara masa ko minti ɗaya ba, shirun da na yi ne ya cuce shi. Saboda haka idan ka fito ka ji ciwon gaɓa, ko ƙaiƙayi da tabo a fata, ko jiri, ko wata gajiya da ba ka saba ji ba, ko wani sashe na jikinka ya yi sanyi kamar ba naka ba, ka faɗa nan take a sa maka oksijin tsantsa, ko da agogo bai yi ƙara ko sau ɗaya ba. Tun yanzu ka tambayi masu aikinku inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake da yadda ake isa can cikin dare, ka rubuto mini amsar.

Saura maganar zuwanka gida da Sallah. Ƙa'idar da aka sani ita ce a jira aƙalla sa'o'i 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, sa'o'i 18 bayan nutso da yawa, fiye da haka kuma idan an yi tsayuwar dole, kuma agogonka zai nuna maka alamar ɗan jirgi har lokacin ya cika. Abin da mutanen bakin teku ba sa tunawa shi ne hanyarmu ta ƙasa ita ma hawa ce. Kiribi tana daidai da teku, Yawunde tana sama da mita 700, Ngaundare kuwa, inda jirgin ƙasa yake sauke ku, ta haura mita 1,000, kafin mota ta gangaro da ku Garwa. Iska tana raguwa a kan tudu kamar yadda take raguwa a cikin jirgin sama, don haka kada ka fito daga ruwa da rana ka kama motar Yawunde da yamma. Ka kwana ka yini cikakke a Kiribi, ka wanke agogon da ruwan daɗi ka shanya shi a inuwa, sannan ka taso da shi a hannunka. Idan hakan zai sa ka rasa sallar idi a nan, na riga na yi wa mahaifiyarka bayani, za a ajiye maka naka naman.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, kawunka ma ya ce a isar maka da gaisuwa. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka