Amsa ga Hajiyar da ta bugo waya daga Ƙauran Namoda

Assalamu alaikum Hajiya,

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo a Gusau, kin bugo waya kin ce: "Ku ma'aikatan ɓangaren ƙwaƙwalwa, in yaro ɗan shekara 15 ya lalata ƙaramar yarinya sai ku ce taɓin hankali ne. Wanke shi kuke son yi?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba, kuma har yau muryarki tana kunnena.

Wallahi ba wanke shi muke yi ba. Yawancin waɗannan samari sun san laifi suke aikatawa, shi ya sa suke jan yarinya kango ko bayan gari, su ba ta alewa, su tsoratar da ita kada ta faɗa. Mai hauka tuburan, wanda ke jin muryoyin da babu su, ɗan kaɗan ne a cikinsu. Hukunci na alƙali ne, kuma ba na so a sassauta wa kowa saboda takardar asibiti.

Amma in muka zauna da yaron, sau da yawa akwai abin da muke tararwa. Wani tun yana ƙarami ya kangare: sata, ƙarya, dukan ƙanne, azabtar da dabbobi. Wani ba ya iya natsuwa, abin da ya zo masa a rai shi yake yi. Akwai mai ciwon damuwa, akwai wanda fahimtarsa ba ta kai shekarunsa ba. Ga tramol, sholisho da wiwi. Sannan, abin da ya fi yi mini nauyin faɗa, wasu su ma an taɓa lalata su, suka haɗiye don namiji ba ya kawo irin wannan kuka gida. A jiharmu kuwa, yara nawa suka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa iyayensu mata da idonsu? Sai dai ki riƙe wannan: akasarin yaran da aka zalunta ba sa zaluntar kowa, kada a ɗora musu zargi a kan rauninsu.

Abin da ke hana ni barci shi ne rufin asirin da muke yi. A je zauren mai unguwa a yi sulhu, a ce aljanu ne, a tura yaron gidan kawunsa a wani gari, gida cike da yara, ba a gaya wa kowa dalili ba. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Amma binciken masana ya nuna yawancin samarin nan ba sa komawa ga laifin, musamman in an kula da su, an raba su da ƙwaya, an sa musu ido. Don kare yarinyar gidan kawun nan muke neman likita ya duba shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a Sakkwato, ba shi da nisa da mu.

Ita kuwa yarinyar da aka lalata, ita ce farko. A kai ta asibiti kafin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Kada a wanke kayan da ke jikinta, kada a yi mata tsawa. In abin a kusa da ke ya faru, Hajiya, ki zo da ita da kanki.

Ƙaninki,
ma'aikacin jinya a Gusau