Godiya ga masu hayar majigi na bakin babbar kasuwar Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Alhaji, da yaran shagonka.

Ranar da na ce ina son majigi uku a ɗaki ɗaya, kuma ba kujera ko ɗaya, ka tambaye ni wane irin biki ne wannan. Na ce aikin makaranta ne: mutum zai shiga ɗaki mai duhu ya tarar da mata uku a bango uku, kowace tana ba da labarin yoyon fitsarin da ta yi fama da shi.

A aji tunanin ya zo min. Malaminmu na zane ya nuna mana hotuna daga aikin Zanele Muholi, mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, waɗanda aka fara ɗauka a 2006: fuskokin 'yan maɗigo baƙar fata, kowace ta tsura wa kyamara ido. Aji ya kaure da gardama, ni kuwa idon nan ne ya tsaya min a rai. Na tuna gwaggota da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyo, aka ware mata kwano da tabarma, ba mai haɗa ido da ita sai bayan da aka yi mata aiki.

Alhaji, ka fi ni gane aikin. Na so a ɗaga hoton sama kamar na gidan kallo, ka ce a sauko da shi daidai tsayin mutum, don mai kallo ya rasa inda zai kawar da kai. Ka hana a tayar da janareta, wai ƙararsa za ta danne muryoyin, ka ɗauko batiran sola na gidanka. Tagogin ma da baƙin yadinku aka toshe su.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne amana. Ɗaya daga cikin matan hannuwanta kawai ta yarda a nuna. Kwana biyu bidiyon yana hannun yaranka, ba wanda ya tura shi a wayarsa, kuma a gabana suka goge shi daga kwamfuta.

Mun buɗe ranar 23 ga Mayu, ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya. Gwaggo ta zo, ta daɗe tsaye gaban bango na biyu. Ta ce in gaishe ka.

Kuɗin rana ta biyu da ka ƙi karɓa, Allah ya mayar da ninkinsa, ya ƙara kasuwa.

'Yarka,
ɗalibar zane daga Argungu