Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Tsofaffin Ɗaliban Kwaleji

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da 'yan'uwa maza da mata.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin bayyana muku abin da aka yi da kuɗinku da sunanku a bana. Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne tattara tarihin makarantar da ta yaye mu, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato.

A taron bara wani dattijo daga cikinmu ya ja kunnenmu cewa ɗaliban farko suna ta amsa kiran Ubangiji, kuma abin da ke kansu yana tafiya da su. Maganar ta kama jikinmu. Muka bi waɗanda suka rage har gida, muna ɗaukar muryarsu da waya, a nan Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau.

Dole tafiyar ta yi nisa, domin lokacin da aka buɗe makarantar a 1970, a matsayin babbar kwalejin horon malamai da dattawanmu har yau ke kira ATC, Jihar Arewa maso Yamma ake ciki. Sai a 1976 aka raba ta gida biyu, Sakkwato da Neja, aka fitar da Kebbi a 1991, Zamfara kuma a 1996. Duk waɗannan wurare akwai malaman da suka sha ruwan kwalejin nan. Dattawan sun daɗe a kan shekarar 1976, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan. Daga baya da aka mayar da NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejojin ilimi, mafi ƙarancin shaidar koyarwa, malamai masu Gireti Tu, tsohuwar shaidar malanta da ke ƙasa da NCE, suka riƙa dawowa ƙarin karatu, wasu da iyali da furfura. Sannan karatun digiri ya zo bisa haɗin gwiwa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har a 2022 hukumar kula da jami'o'i ta amince da Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari.

Sunan ma ya dace da gidan. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Allah Ya jiƙan sa, ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne hirar da muka yi da iyayenmu mata. Sun shigo suna 'yan tsiraru, ana yi wa iyayensu surutu, yau kuma ɗalibansu ne ke riƙe da makarantun 'yan mata. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, bai kamata a bar labarinsu a ƙarshen littafi ba. Kwamiti ya yanke a ware musu babi guda.

Sauran ayyuka kuwa, mun taimaka wa wasu ɗalibai marasa ƙarfi da kuɗin mota lokacin gwajin koyarwa, musamman waɗanda aka tura makarantun karkara. Da damina mun dasa dogonyaro. Mun duba marasa lafiya, mun kai ta'aziyya gidajen waɗanda suka riga mu. Allah Ya gafarta musu.

Inda muke da rauni shi ne kuɗin wata-wata. Mutane kaɗan ne ke ɗauke da ƙungiyar, shi ya sa ɗaliban da muka mayar hannu rabbana suka fi waɗanda muka tallafa wa. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro.

Aikin baɗi shi ne mayar da muryoyin nan rubutu, kuma muna neman masu sa kai. Duk mai tsohon hoto ko takardar shaida ko littafin tsara darasi na wancan zamani, ya ba mu aro, za mu kwafa mu mayar masa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.