A gyara mana bakin tafkin Lagdo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga hukumomi kan tafkin Lagdo da ke kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Tun da aka kammala madatsar ruwan a kan Kogin Binuwai a 1982, mutanen Garwa ke zuwa nan shan iska, musamman da zafin Maris da Afrilu.

Ranar Lahadi na kai iyalina. Ruwa shimfiɗe, duwatsu kewaye, masunta na gasa kifi, abin sai wanda ya gani! Amma inda muka sauka babu rumfa, babu bayan gida, tsohuwata a ƙasa ta zauna. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yara cikin kwalekwale babu rigar ruwa, ga dorina a tafkin. Don Allah a fara da wannan.

Naka,
Wani mai karatu daga Garwa