Babana, kafin ranar ɗaukar 'yan koroso

Assalamu alaikum Babana, da fatan kana lafiya, ya aiki ya Kano. Mamanka ta nuna min hotunan gwajin da ka tura mata a WhatsApp na yaran nan masu rawar koroso da za ka ɗauka a situdiyo ranar Asabar, na daɗe ina kallo wallahi har raina ya koma lokacin da nake riƙe da kyamara. Kalar ta fito, fuskoki sun fito, amma duba ƙafafunsu da hannuwa, duk sun yi dishi-dishi, akayau ɗin ƙafarsu ma ba a gane shi. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuto maka, a waya mantawa kake.

Na san abinda za ka ce, a ƙara gudun shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, zuwa 1/1000 na sakan. A fili da rana haka ne, amma a ɗaki da filasha yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250, in ka wuce sai ka ga baƙin layi ya cinye gefen hoton. Toh a situdiyo walƙiyar filasha ce ke tsayar da mai rawa, iya tsawon walƙiyar iya abinda kyamara ta gani. Don haka ka kashe fitilun ɗakin, ka ja labulen taga, ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗin lens f/8, shota 1/200, ka ɗauka ba filasha. In hoton ya fito baƙi ƙirin toh ka shirya. In kana hango mutum ko kaɗan, wannan hasken ne ke ɓata maka ƙafafu. Ni da kaina na taɓa asarar fim guda mai hoto 36 a kan wasu masu rawa saboda doguwar fitilar silin da na bari a kunne, sai da aka wanke na gani, kuma mutanen sun riga sun koma garinsu, har yau abin yana min ciwo.

Ƙananan filasha ɗin nan naka na batir, kar ka sa su a cikakken ƙarfi. In ka rage zuwa 1/8 ko 1/16 walƙiyar na gajarcewa sosai, kuma suna saurin sake caji. Haske zai ragu, sai ka matso da su kusa ko ka ɗaga ISO zuwa 400, ba komai. Tsofaffin manyan fitilun da na bar maka ba haka suke ba, rage musu ƙarfi ba ya gajarta walƙiyarsu, ka ajiye su don hoton amare. Filasha ɗaya daga gefe don jiki da tsoka su fito, ɗaya a baya ta zana gefen jikinsu kar su nutse cikin baƙin labule, shikenan.

Amma duk wannan lissafi ne, ko yaron shago zai koya a sati. Abinda nake so ka riƙe shi ne kunnenka. Ka ce su zo da makaɗinsu, ka ajiye kyamara, ka kalli rawar sau 2 ko 3 kana bin kiɗan da ƙafarka har ka gane a wane bugu suke tashi sama. Duk wanda ya yi tsalle akwai wani ɗan lokaci can ƙoli da jikinsa ke tsayawa cak kafin ya fara saukowa, rigarsa a buɗe, nan hoton yake. In ka jira sai idonka ya gani toh ya wuce, yatsanka ya riga idonka, kuma ganga ce za ta gaya maka yaushe. Kar ka danne maɓalli kana ɓarin hotuna ɗari kana fatan dace, filasha ba za ta iya bin ka ba, rabi baƙaƙe za su fito.

Ka manna salatif a ƙasa inda za su yi tsallen, ka saita fokas a wurin da hannu ka bar shi. Ka durƙusa ƙasa-ƙasa, tsallen zai fi tsayi a ido, ka ja baya da lens ɗinka 50mm ka bar fili sama da ƙasa, hoton rawa da aka yanke yatsun ƙafa ya tashi aiki. In da sauran lokaci ka gwada shota rabin sakan da ƙaramar fitila a kunne, ka saita filasha ta tashi a ƙarshe dab da shota za ta rufe, za ka ga motsin ya bar sawu a bayansu kamar hayaƙi.

Dan Allah tayil ɗin situdiyonka santsi gare shi, ka shimfiɗa abinda ba ya zamewa, ƙafar nan da ita suke ci da iyalinsu. Kar ka sa mutum tsalle 20 a jere, bayan 5 ko 6 a huta a sha ruwa. Ka riƙa nuna wa shugabansu hoton a bayan kyamara, in ya ce hannun nan bai zauna daidai ba ka goge ko da hasken ya burge ka, ya fi ka sanin rawarsa. Kuma ka nemi izininsu kafin ka sa a Instagram, ka tura musu nasu.

Ka turo min guda 3 da ka fi so ranar Lahadi. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka daina kwana a shago. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka