Kacici-kacicin daren Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Damagaram. Ranar Asabar bayan sallar isha'i za mu yi gasar kacici-kacici a nan cikin rukuni, kan wasanni, adabi, jikin ɗan Adam da girki.

Masoya kokowa ku shirya sosai, can tambayoyi suka fi yawa, tun daga gasar takobi ta farko, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, da aka yi a Tawa a 1975. Ga ɗanɗano kuma: babban mutum ƙasusuwa 206 gare shi, na jariri sun fi haka, don wasu na haɗewa yayin girma. Iyayenmu mata, me ya sa ake jefa kanwa a tukunyar wake? Wannan taku ce. A adabi, a waiwayi Abubakar Imam.

Don Allah kada kowa ya leƙa intanet lokacin amsa.